Kurakuran da samarinmu ke yi in rigima ta taso

Shekaranjiya ɗaya daga cikin yaran shagona ya shigo da leɓe a fashe, rigar makaranta a yage, yana ta cika baki wai ya nuna wa wani iyakarsa a Mabera. Wannan shi ne na uku cikin wata biyu. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin keken ɗinki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure shi ne juyowa. An zage ka, ka riga ka yi gaba, sai zuciya ta ce koma ka faɗa masa guda ɗaya. Wannan guda ɗayar ce ta ci ni. Wata shekara, ana saura kamar kwana 20 ƙaramar Sallah, ga azumi ga zafin Sakkwato na watan Afrilu, wani ɗan kabu-kabu ya goge min ƙafa da salansa kusa da Gawon Nama. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Na yi taku biyar, wallahi na wuce, sai na dawo na ce, "Mi kac ce?" Ya kafe mashin ya sauko. Na ci kwalarsa, ya ci tawa, na dunƙule hannu na kai masa a baki.

Nan kuskure na biyu ya shigo, kuma shi ya fi min ciwo har yau: naushi da tsirarar hannu a kan mutum. Ku da kuke kallon dambe kuna jin ku ma za ku iya, kun taɓa lura da yadda ɗan dambe ke naɗe hannun dukansa da ƙyalle da zare kafin ya shiga fage? Ba ado ba ne. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, ƙoƙon kai kuwa dutse. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsana ya karye nan take, haƙorinsa kuma ya tsaga min fata a kan gaɓa. Na raina tsagar, na tafi wurin mai ɗori. Kwana uku hannu ya kumbura kamar tulu, ga zazzaɓi. A asibiti aka gaya min ƙazantar bakin mutum in ta shiga gaɓa tana iya lalata yatsa, sai da aka buɗe wurin aka wanke. Mako shida ban riƙe almakashi ba. Shaddodin mutane na Sallah na jibge, na bi gida-gida ina mayarwa ina ba da haƙuri, wasu ba su sake kawo min ɗinki ba. Kuɗin gyaran haƙorin mutumin ma ni na biya a ofishin 'yan sanda, don ni na fara duka kuma jama'a sun gani. Duk a kan kalmar da har yau ban san me ya ce ba!

To, me nake yi yanzu? In murya ta fara tashi, ina ja baya taku biyu, in ɗaga tafukana a buɗe daidai ƙirji kamar mai roƙo, in ce "Yi haƙuri ɗan'uwa," ko da ni aka cuta. Tafukan nan suna aiki biyu: masu kallo na ganin ba ni ke neman faɗa ba, kuma in ya kawo hannu, nawa na kusa da fuskata. Ba na bari a matso ni har mu haɗa numfashi, ba na tsayawa bango ko kwata na bayana. In ina azumi sai in ce ina azumi, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya koyar. Wani zai ce tsoro ne. Ya ce. Ni na san kuɗin filasta.

Sauran kuwa a gurguje. Cin kwala wauta ce, ka ɗaure hannunka da kanka ka bar fuskarka a fili. Kada ka zuba wa bakinsa ido, hannayensa za ka kalla, musamman in ɗaya ya nufi ƙugu ko aljihu. Kada ka ɗauka shi kaɗai ne, a bakin tasha ko Kasuwar Kara kowa da mutanensa, sarkin yawa kuma ya fi sarkin ƙarfi. Mai ƙwacen waya in ya fiddo wuƙa, miƙa masa, a toshe layi gobe. Rabon faɗa ma da dabara, kira dattijo ko ka tara mutane, kada ka kutsa tsakiya kai kaɗai. Kuma kada ka yi ihun "ɓarawo" a kan wanda ba ɓarawo ba, ka san abin da taron jama'a ke yi kafin a tambayi ba'asi.

Ku kuma masu soke wuƙa a ƙugu wai don tsaro, ku ji ni da kyau. Wuƙar da ka fita da ita, ko ka soki ɗan mutane da ita a kan abin da mari zai ƙare, ko a ƙwace a soke ka. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa, amma da ƙarfi gwargwadon buƙata. Wanda ya faɗi ka bi shi da shuri, ko ya gudu ka tara abokai ka bi shi unguwarsu da dare, wannan ba kare kai ba ne a wurin alƙali, ramuwar gayya ce.

In an ritsa ka babu mafita, manufa ɗaya ce, ka buɗe hanya ka fita. Sunkuyar da haɓa, kare kai da damatsa, tura shi da gindin tafi a ƙirji ko haɓa da iyakar ƙarfinka, ko ka shuri ƙwaurinsa, sannan ka zura inda haske da mutane suke kana kururuwa. Silifas in zai hana ka gudu, bar shi nan. Mu Sakkwatawa muna alfahari da kokawa, amma kokawa a kan rairayi ake yin ta, da alƙali da makaɗi. A kan kwalta, kayarwa ɗaya in ƙeya ta bugu tana iya zama ajali, kuma kana ƙasa kana murƙusu abokinsa zai iso da takalmi.

Wannan batun ƙeya kada a yi wasa da shi. Mutum na iya faɗuwa ya tashi ya karkaɗe riga har ya yi dariya, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai. In ya fara amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko magana ta rikice, a kai shi asibiti a daren, kada a ba shi Panadol a ce ya kwanta zuwa safe. Yaron shagona da nake faɗa, na duba bayan kansa kafin leɓen, na tarar da ƙulu kamar ƙwan zabo. Na rufe shago na ɗora shi a mashin.