Yadda makarantun Amurka ke ƙirga zuwan yaranmu, da abin da za ku yi kafin wasiƙar fashi ta iso gida

'Yan uwa masu yara a makarantun gwamnati a Amurka, musamman waɗanda ba su jima da zuwa ba, ku zo mu yi maganar rajista. A gida mun san yadda take, malamin aji ya buɗe babban littafin nan ya kira suna safe da rana, ya ja layi biyu su haɗu kamar harafin V, ƙarshen zango a rubuta maka a katin sakamako sau nawa aka buɗe makaranta sau nawa ka zo, shikenan magana ta ƙare. Nan kuwa kiran sunan nan kuɗi ne, kuma doka ce.

Ni sai da na ƙone na gane. Mun je gida bikin ƙanwar maman yara, muka yi sati uku, na rubuta wa malamar ajin ɗana saƙo ta ce Allah ya kiyaye hanya, ni a zatona ai na gama. Muna dawowa na tarar da ambulan daga ofishin gundumar makarantu, an jero ranakun ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyar, wai duk fashi ne babu uzuri, kuma ana son ganina. Ashe malama ba ita ke da wuƙa da nama ba, akwai wata mata a ofishin gaba da aikinta kenan shigar da zuwa da fashi a kwamfuta, kuma ita babu wanda ya ce mata komai.

To ku fara riƙe wannan: rana ɗaya da yaro bai je ba, a wuri uku ake rubuta ta, kuma takardar uzuri galibi wuri ɗaya kawai take wanke ka.

Na farko lissafin kuɗi. Kowace jiha tana raba wa gundumomi kuɗi gwargwadon yawan ɗalibai, amma yadda ake ƙirga ɗaliban ne ya bambanta. Kalifoniya da Teksas suna bin abin da suke kira ADA, wato matsakaicin waɗanda suka halarta a kullum. Lissafin ba wuya, a tara duk ranakun da yara suka zo a raba da ranakun da aka yi karatu. Misali aji mai yara 30, an yi karatu kwana 20 a wata, da kowa ya zo kullum zai zama 600, amma aka samu 570, in ka raba da 20 ya ba ka 28.5, to kuɗin yara ashirin da takwas da rabi za a biya ba talatin ba, alhali albashin malama da kuɗin wuta ba su ragu ba. A Kalifoniya tun 1998 ko ciwo ne ya kwantar da yaro, ko da takardar likita, ranar ba ta kawo wa makaranta ko sisi. Shi ya sa za ka ji na'ura ta kira wayarka tun kafin azahar tana cewa yaronka bai zo ba, ba tsabar ƙauna ba ce kawai.

Wasu jihohin kuma ranar ƙidaya suke da ita. A Mishigan Larabar farko ta Oktoba ita ke ɗauke da kashi 90 na lissafin, Laraba ta biyu a Fabrairu kashi 10, har wasu makarantu kan raba fiza da 'yan kyaututtuka don kowa ya fito ranar. Wanda bai zo ba babu uzuri dole ya bayyana cikin kwana 10 na karatu kafin a ƙirga shi, mai uzuri kuma kwana 30 na kalanda. Akwai kuma jihohi masu bin yawan sunayen da ke rajista kawai, ka zo ko ba ka zo ba. Ka tambayi ofis wanne ake bi a wajenku, tambaya ɗaya ce.

Na biyu lissafin doka, nan ne uzuri ke da amfani. Kalifoniya da yaro ya yi fashi uku babu uzuri a shekara, ko lattin da ya wuce minti 30 sau uku, ko haɗin gambizarsu, an saka shi a sahun masu gudun makaranta kuma wasiƙa za ta zo. Teksas kwana 10 babu uzuri cikin wata shida na iya kai magana kotu, sannan suna da ƙa'idar kashi 90, yaron da bai halarci kashi 90 na darasi ba zai iya rasa makin darasin ko da ya ci jarrabawa. Kuma don Allah a gane, uzuri ba abin da kai ka ga ya dace ba ne, abin da ke jerin dokarsu ne: ciwo, ganin likita, rasuwar dangi na kusa, ranar ibada, zuwa kotu. Biki da suna da rakiyar baƙo filin jirgi, a yawancin wurare ba sa ciki.

Na uku shi ne wanda yawancinmu ba mu ma san da shi ba, fashi mai yawa. Duk yaron da ya rasa kashi 10 na ranakun karatu, da uzuri ko babu, har da ranakun da makaranta ta dakatar da shi, ya shiga wannan jerin. Shekarar karatu wajen kwana 180 ce, kenan kwana 18, wato kwana biyu kacal a wata, yau mura gobe an makara an ce bari kawai ya zauna. Tun dokar ilimi ta ESSA ta 2015 jihohi ke wallafa wannan adadin na kowace makaranta, kuma da yawa suna auna makarantu da shi. Kafin korona kusan yara 15 cikin 100 ne ke ciki, zuwa shekarar karatu ta 2021 da 2022 ya kusan ninkawa, tun lokacin suka sa ido sosai. A ganina wannan ma'aunin ya fi ADA gaskiya, don a misalin ajin can kashi 95 ya fito fes, amma fashin 30 ɗin zai iya zama na yara biyar ne kowa kwana shida, su biyar ɗin sun ɓace a cikin matsakaici.

Hanyar da bayanin ke bi gajeriya ce. Malami ya danna a manhaja irin PowerSchool ko Infinite Campus ko Aeries, a firamare sau ɗaya da safe, a sakandare kowane darasi. Ma'aikaciyar ofis ta gyara ta saka alamar uzuri, gunduma ta tattara ta tura wa jiha a lokutan da aka tsayar, Teksas duk sati shida-shida ake yanka lissafin, kuma masu binciken kuɗi na zuwa su duba takardu, shi ya sa ba sa yarda da maganar baki.

Abin yi yanzu. Ka sauke manhajar iyaye ka riƙa leƙawa duk Juma'a, harafin A yawanci fashi ne, T kuma latti, in ka ga kuskure ka kira a satin, don malamin wucin gadi kan yi wa sunayenmu kisan gilla wajen kira yaro bai amsa ba a rubuta bai zo ba. Uzuri a rubuce, ga ofis ba ga malama ba, da cikakken sunan yaro da kwanan wata da dalili, cikin kwana biyu ko uku don gundumomi da yawa suna rufe ƙofa bayan nan. Ganin likita kuwa kar ya cinye yini, a Teksas akwai lokaci ɗaya da aka tsayar na kiran sunan hukuma da hantsi, kuma yaron da ya je asibiti ya fara ko ya dawo aji ranar da takardar likita ana ƙirga shi ya zo.

Sallah: birnin Niyu Yok ya saka hutun ƙaramar Sallah da babba a kalandar makarantu tun 2015, sauran wurare da yawa sai ka rubuta tun kafin ranar cewa ranar ibada ce. Teksas har da kwana ɗaya na tafiya da ɗaya na dawowa suke yafewa in tafiyar ibadar ce.

Sai babbar, tafiya gida. Ku je ofis tun kafin a yanki tikiti. A Oregon yaron da ya yi kwana 10 a jere bai zo ba ana cire sunansa daga rajista, ka dawo ka sake cike takardu, in makarantar mai layi ce gurbin ma ya tafi. A Kalifoniya ka nemi tsarin karatun kai na ɗan lokaci, a sa hannu a yarjejeniya, a ba shi aikin da zai yi a can, ya kawo ranar da ya dawo a ƙirga masa kwanakin. Mu dai tafiyar bana mun mai da ita Yuli, duk da tsadar tikitin lokacin da kuma ruwan da za mu tarar.