Yadda zaka gane kayan cikin MP3 tun kafin ta shigo kasuwa

Jiya bayan la'asar wani ƙanina dake karatu a jami'ar ATBU ya turo min hoton wata sabuwar MP3 ta WhatsApp, wai wata mai zuwa zata fito, har masu oda daga Sin sun fara karɓar kafin alƙalami, yace Yaya duba min ko in zuba kuɗina. Hoton kam ba laifi, jiki sai sheƙi, an rubuta HiFi an rubuta batir na awa 60 an rubuta komai da komai. To ni da na daɗe ina farke irin waɗannan abubuwa a ɗan teburina nan wajen Wunti a Bauchi nasan murfi baya waƙa, fanel ɗin ciki ke yi, wato allon da aka jera kayan wuta a kai. Abinda na koya masa shi zan zuba anan, dan nasan ba shi kaɗai bane, akwai masu hadda da iyaye basa so su riƙe waya, akwai direbobin hanyar Ningi da Azare, akwai wanda kawai baya so karatu ya cinye masa cajin waya ranar da nefa suka yi halinsu. Apple ma sun rufe babin iPod tun 2022 amma mu nan abin bai mutu ba.

Farko dai nemo hoton cikinta. Eh, ko bata fito ba ana iya samu. Duk na'urar dake da Bluetooth ko WiFi in za'a sayar da ita a Amurka sai hukumar sadarwarsu wato FCC ta tantance ta, kuma cikin takardun da kamfani ke miƙawa harda hotunan fanel gaba da baya, batir, eriya, duk a buɗe, kuma kowa na iya gani kyauta. Ta wannan hanyar ce a 2006 mutane suka gano cewa Zune ɗin da Microsoft ke ta ɓoye-ɓoye akai ashe Toshiba ne ke ƙera musu, tun kafin ta shiga shago. Ka duba jikin kwali ko takardar bayani ko bayan na'urar a hoton talla, zakaga an rubuta FCC ID da wasu haruffa da lambobi, kwafe su ka zuba a Google ka ƙara da internal photos. Wani lokaci kamfani kan nemi a rufe hotunan na ɗan lokaci har kaya su fito, in kaci karo da haka kar ka damu, nemi yayarta, wato samfurin da kamfanin ya fitar kafin wannan, ka rubuta sunansa a YouTube da kalmar teardown, wato bidiyon farke na'ura. Da wuya su canja fanel gaba ɗaya, yawanci riga suke canjawa su ƙara abu ɗaya ko biyu. In kuwa ba FCC ID, ba yaya, ba sunan kamfani sai wani suna da ko mai sayarwa bai iya faɗa ba, toh ka riƙe kuɗinka tukun.

Ka samu hoton? Ja shi da yatsu biyu ka nemi aisi (IC) mafi girma, baƙi mai kusurwa huɗu a tsakiyar fanel, shine ƙwaƙwalwar. Rubutun dake kansa zai gaya maka ajin da na'urar take. In kaga tambarin JL na kamfanin JieLi ne, in kaga ATJ da lambobi na Actions ne, dukkansu a garin Zhuhai suke, kuma sune cikin yawancin ƙananan MP3 masu araha da muke gani. Aisi ɗaya ne ke yin komai, shi ke karanta memori shi ke fitar da sauti shi ke kula da sikirin, shi yasa basa cin wuta sosai. Na JL ɗin nan ma suna da wani hali, lambar da suke bugawa a kai sau da yawa ba itace ainihin lambar aisin ba, kar ka wahalar da kanka nemanta. RK na Rockchip ne. Ingenic X1000 shine cikin irin su FiiO M3K da Shanling M0, waɗannan sun ɗan haura aji. In kuma Snapdragon ka gani to waya ce kawai aka cire mata layi, Android ce, zata yi Spotify da YouTube amma kuma zata sha batir irin na waya, ka sani.

Akwai wanda ba zakaga aisi ba sam sai wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta akan fanel. Wannan ranar da ya mutu ya mutu, ni dai bana ko kunna ayan ɗin narka dalma dominsa.

Sannan maganar bidiyo, dan Allah kar rubutun MP4 ya ruɗe ka. Masu ƙaramin sikirin inci 1.8 ɗin nan, 128 da 160 ne ƙwayoyin hotonsu, kuma yawanci basa buɗe bidiyon MP4 na gaske, sai ka juya shi a kwamfuta zuwa wani tsari da ake kira AMV kafin su nuna, hoton ma kamar kana leƙe ta ramin makulli.

Yanzu memori. iPod ta farko da ta fito a Oktoban 2001 ɗan ƙaramin hard disk ne a cikinta na Toshiba mai inci 1.8, giga 5 kacal, yana juyi kana jin motsinsa a tafin hannu, in ta faɗi ƙasa sai addu'a. Yau duk fulash ne, aisi mai ɗan tsawo kusa da ƙwaƙwalwar, ba abinda ke juyi. Kafin ka biya kuɗin giga masu yawa yi lissafin abinda kake ji. MP3 mai 128kbps kusan mega ɗaya yake ci a minti, awa guda kenan wajen mega 58. Tafsirin azumi guda, kwana 30 awa bibbiyu, awa 60, bai kai giga 4 ba. Kaga giga 16 na gaskiya ya ishi mai karatu harda canji. Masu FLAC, tsarin sautin da ba'a rage masa inganci ba, su ne ke buƙatar wuri dan shi minti ɗaya sai ya ci mega 5 ko fiye.

Nace na gaskiya saboda an taɓa yi min. Wata shekara na saro guda goma wajen wani da ba sai na faɗi sunansa ba, an rubuta 32GB a kwali, ka jona a kwamfuta ma 32 take nunawa, kwana uku wani dattijo daga Jahun ya dawo min da tasa yace ɗana daga Suratu Maryam zuwa ƙasa duk shiru, suna na nan amma ba murya. Na buɗe, ashe ba ma aisin fulash bane, wani tsohon katin memori ne aka cire masa riga aka liƙa da dalma akan fanel, an yi masa dabara yana ƙaryar girmansa, in ya cika sai ya riƙa taka na baya. Kunya kamar ƙasa ta tsage, na mayar wa Baba kuɗinsa na haɗa da haƙuri. Tun ranar duk wadda ta shigo hannuna sai na gwada ta da H2testw, ƙaramar manhaja ce ta kwamfuta kyauta, tana cika memorin taf sannan ta karanto, in akwai ƙarya zata tona. Tana ɗaukar lokaci, ka barta tayi.

Ramin kati kuwa, duba ko an rubuta SDHC ko SDXC. SDHC iyakarsa giga 32, abinda ya haura nan SDXC ne kuma da tsarin exFAT yake zuwa, ƙananan aisi da yawa basa gane shi sai ka goge katin ka mayar FAT32. Kuma ka sa wa fayil lamba 001, 002, 003 ka kwafa a jere, dan wasunsu basa bin haruffa, yadda ka zuba haka suke karantowa, sai kaji Baƙara ta ƙare an faɗa Mulk.

Batir, anan nake so ka zauna sosai, dan cikin goma da ake kawo min gyara mafi yawa ko batir ne ko bakin caji. A hoton zakaga wata 'yar jaka mai ruwan azurfa da wayoyi biyu ja da baƙi, lithium ce, 3.7V take a zaune in ta cika ta kai 4.2V. A jikinta akwai lamba shida, misali 503040. Ba lambar banza bace, awo ne: biyun farko kauri wato milimita 5, na tsakiya faɗi 30, na ƙarshe tsawo 40. Mai wannan girman yana ɗaukar wajen 550 zuwa 600mAh, wato ma'aunin ƙarfin batir. Mai 402030 kuwa wajen 200 ne, ko an rubuta 1000 a talla ƙarya ne, buhun kwano goma baya cin kwano hamsin. Daga nan lissafi ya zo da sauƙi, ka raba ƙarfin batir da abinda na'urar ke ja, in batir 300 ne tana jan 20 toh awa 15 ne, ka kunna Bluetooth ko ka bar sikirin a kunne ya ragu sosai. Awa 60 ɗin da suke rubutawa in ma gaskiya ne to da iyafis mai waya ne, murya ƙasa-ƙasa, sikirin a mace.

Duba kan batirin wajen da wayoyin suka fito, ya kamata kaga salatif rawaya da ɗan siririn fanel a ƙarƙashinsa. Shine mai gadi, shi ke yanke wuta in caji ya wuce ƙa'ida ko batir ya zube da yawa. In babu shi wayoyi kawai suka fito tsirara, ni bazan ba yaro ya kwana da ita ƙarƙashin filo ba. Ga kuma zafinmu, lithium bata son a yi mata caji sama da digiri 45, mu kuwa watan Maris da Afrilu ko a inuwa muna dosar 40, balle a gaban mota an rufe gilashi a tashar Muda Lawal. Haka suke kumbura su ɗaga murfi. Saboda haka ka duba yadda aka rufe jikin tun yanzu, in kaga ƙananan noti a gefe alhamdulillahi, duk ranar da batir ya gaji minti goma na canja maka. In kuwa gilashi ne gaba da baya an manne da gam, sai an gasa kafin a buɗe, kuma ba kullum gilashin ke fita lafiya ba.

Bakin caji in USB-C ne ya fi tsohon micro ƙarko nesa ba kusa ba. Amma akwai wata rowa da masu araha keyi, ya kamata a sa 'yan ƙananan resisto biyu masu 5.1k a bayan bakin, su ke gaya wa caja cewa ga mai neman wuta, sai su ƙi sawa dan rage kuɗi. Sakamakon shine in ka jona da waya mai C gaba da baya shiru kake ji, sai mai babban kai irin na da. Mutane da yawa sun kawo min wai bata caji, lafiyarta ƙalau, igiya ce kawai bata dace ba.

DAC fa? Shine abinda 'yan talla suka fi ihu akai, aisin dake mayar da lambobi su zama sauti. Zakaga sunaye irin ESS, AKM, Cirrus Logic, su Cirrus ɗin ne ma suka saye Wolfson a 2014, kamfanin da yayi na cikin iPod na farko-farko. Masu kyau ne ba musu. Amma tsakani da Allah in iyafis ɗinka na dubu ɗaya da ɗari biyar ne kuma abinda kake ji wa'azi ne da aka ɗauka da waya a masallaci, ba abinda DAC irin CS43131 na Cirrus zai ƙara maka. In kuma da Bluetooth kake ji to DAC ɗin na'urar ma barci yake, na cikin abin kunnen ne ke aiki, ka biya kuɗin abinda baka taɓa amfani dashi ba. Gara ka duba ramin iyafis ɗin kansa, ƙafafunsa sun huda fanel sun fito ta baya ko a sama kawai aka ɗora su? Wanda ya huda yafi jure fizga, na saman nan wata uku a aljihun ɗan acaɓa kunne ɗaya ya ɗauke.

Mai son rediyo ya sani wayar iyafis itace eriya, in babu ita ba Globe FM ba Albarka. Kuma in ta hannu ce daga Japan a kula, FM ɗinsu daga 76 yake farawa baya kaiwa 108 irin namu, tashoshin sama duk zasu wuce ka.

Madannai na gaske nake so ba na shafa ba, dan kana iya wuce sura hannunka na cikin aljihu, in ƙurar hunturu ta kashe ɗaya kuma canja shi ba komai bane.

Ranar da kaya suka iso kar ka tafi hannu rabbana. Tafi da katinka, da iyafis ɗin da ka saba dashi, da igiyar C gaba da baya. Sa iyafis ka tsayar da waƙa kaji ko akwai wani shuuu a ƙasa, murɗa kan a hankali kaji ko yana ƙaras-ƙaras, kunna dogon karatu ka kai shi minti 40 ka kashe na'urar ɗungurum ka sake kunnawa, in ta dawo da kai farko to duk ranar Allah haka zaka riƙa neman inda ka tsaya da babban yatsa.

Shi dai ƙanin nawa da daddare ya sake turo hoto, ya samo na yayarta, ya zagaye batirin da jan layi. 402030. Yace Yaya wannan ne awa 60 ɗin? Nace ka kawo tsohuwar taka gobe bayan azahar in canja mata batir, akwai 503040 guda biyu a durowa.