Ba Kowane Jan Ido Ne Apolo Ba

Duk taron ƙaro ilimi na ma'aikatan lafiya da aka gayyace ni a Kaduna, fuskokin sababbi ne amma kurakuran tsofaffi. Wasu ma neman makin sabunta lasisi ne ya kawo su, su sa hannu su sulale kafin azahar. To ku zauna ku ji.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a ga jan ido a ce apolo, a miƙa maganin ɗigawa mai siteroid, irin su dezametason. Ni ma na taɓa yi. Ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin asibiti, da kaka, wani dattijo ya zo, ganyen dawa ya karce masa ido wajen girbi. Layi ya yi tsawo, ban ɗiga masa fulorosin ba, wato rinin da ke sa rauni a baƙin ido ya fito kore, ban ko haska idon da kyau ba. Bayan kwana uku ya dawo yana sa mini albarka: "Ɗana, jan ya ragu." Mako biyu da haka, baƙin idon ya yi fari fat. Ashe gyambon fungas ne, siteroid ya danne garkuwar idon, ƙwayar cutar tana ta ci a ɓoye. Ko da na tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando, bakin alƙalami ya bushe. "Ba komai ɗana, haka Allah ya so," in ji shi. Har yau maganar tana suka ta.

Tun daga ranar, takardar fulorosin da tocila mai shuɗin haske ba sa barin aljihuna. In baƙin ido ya kama kore, babu zancen siteroid. In gani ya ragu, ko ciwon ya tsananta, ko mutum yana gudun haske, ku daina kiran apolo, ku tura shi gaba a ranar. Yaran da ƙaiƙayin ido ke damu da hunturu kuwa, ku sa uwar ta kawo kwalbar da take saya a kemis, ku karanta da kanku. Watanni ana ɗiga siteroid, hawan jinin ido ne ke biyo baya.

Shi hawan jinin idon ma, haba jama'a! Don awon matsin ido bai wuce 21 ba sai ku ce lafiya lau? Akwai masu cutar da awonsu daidai yake. Ku leƙa jijiyar gani. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna daga yanar ido sai shi wajen makantar da mutane, ga shi abin da ya ɗauke ba ya dawowa. Ni ina gaya wa majinyaci ɓaro-ɓaro cewa maganin na har abada ne, kuma ya turo 'yan uwansa na jini a auna su.

Sauran a gurguje. Ku auna gani a mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya, kafin ku taɓa komai, sai fa in sinadari ne ya shiga idon. Kada a ba mai asma timolol, maganin ɗigawa na hawan jinin ido. Ruwan batir ko siminti in ya shiga ido, a wanke na aƙalla minti 20 kafin a yanki kati. Mai ciwon suga a duba masa bayan ido duk shekara, ko bai yi kuka ba.

Farin ɗigo a ƙwayar idon jariri kuma, kada na sake jin an ce wa uwa ta jira ya girma. Yana iya zama sankara. A rubuta mata takarda a ranar, a tabbatar ta san motar da za ta hau zuwa Mando.