Yadda Ake Rubuta Buƙatun Manhaja da Tsarin EARS

Saɓanin da ke tasowa tsakanin mai ba da aiki da injiniyoyin manhaja sau da yawa daga takardar buƙatu, wato takardar da ke zayyana abubuwan da ake son manhajar ta yi, yake farawa, domin jimla guda takan ɗauki ma'ana biyu, kowa ya kama wadda ta yi masa. Don rage wannan matsala ne Alistair Mavin da abokan aikinsa na kamfanin Rolls-Royce suka gabatar da tsarin EARS (Easy Approach to Requirements Syntax, wato hanya mai sauƙi ta tsara jimlolin buƙatu) a 2009, bayan sun yi nazarin ƙa'idojin da suka shafi na'urar sarrafa injin jirgin sama. Abin da tsarin yake ƙayyadewa shi ne jerin sassan jimla: sharaɗi da farko, sai abin da ya tayar da aikin, sai sunan na'ura, sannan abin da ya wajaba ta yi.

Ka fara da tantance irin buƙatar. Wadda take aiki a kullum ba ta da sharaɗi: "Dole na'urar ATM ta ɓoye lambar sirri a allo." Wadda wani abu yake tayarwa kuwa da shi za ka buɗe ta: "Sa'ad da aka saka kati, dole na'urar ta nemi lambar sirri cikin daƙiƙa 2." Yanayin da yake ɗorewa ana buɗe shi da "muddin", kayan da ba kowace na'ura ke da su ba kuma da "inda".

A ganina, inda ya kamata ka fi ba da ƙarfi shi ne abin da ba a son ya faru, domin shi marubuta suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake jefa mutane cikin wahala. Ka rubuta: "Idan sadarwa ta katse bayan an cire kuɗi daga asusu amma kafin su fito, to dole na'urar ta aika wa banki umarnin mayar da su da zarar sadarwa ta dawo." Kowace buƙata ta al'ada, ka tambayi kanka ta ina za ta iya lalacewa, ka rubuta amsar a jimla dabam.

Ka guji kalmomi irin su "da sauri" ko "cikin sauƙi", tunda mai gwaji ba zai iya auna su ba. Idan kuma sharuɗɗa suka haura uku a jimla guda, ka mayar da su jadawali. Inda rayuka ke cikin haɗari ana ƙarawa da hanyar tabbatar da ingancin manhaja ta lissafi, irin wadda ake kira B, wadda Jean-Raymond Abrial ya ƙirƙiro, aka kuma yi amfani da ita wajen manhajar layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris, wanda aka buɗe a 1998 ba tare da direba ba.