Kafin ku sayi littafi, ku tambayi ma'aikacin laburare

Jama'a, ga wata dabara ga masu son karatu amma aljihu ba nauyi.

Kafin ku kai kuɗinku kanti, ku leƙa laburaren gwamnati mafi kusa, kamar na Murtala Muhammad da ke Kano. Ku gaida ma'aikacin da ke kan tebur, ku faɗa masa littafin da kuka karanta kwanan nan ya burge ku. Sannan ku ce, "Malam, cikin irinsa wanne ka fi so?"

Kada ku ce masa "wanne ne mai kyau?" Zai nuna muku kantar littattafai ne kawai.

Mai kanti so yake kayansa su ƙare. Ma'aikacin laburare kuwa ba shi da ko kwabo a ciki. Kuma shi ke ganin littafin da ake rububinsa, wanda bangonsa ya yage har aka manne shi da salatif. In akwai takardar da ake buga kwanan wata idan an ari littafi a cikin bango, ku duba. Idan hatimi ya cika ta, littafin ya sha hannu. Ku karanta babi biyu a wurin, ko ku ara in kuna da kati. Wanda ya kama zuciyarku, shi za ku saya.

Amma fa dabarar ba ta aiki kan sababbin littattafai, don yawancin kayan laburarenmu tsofaffi ne. Haka nan lokacin jarrabawar WAEC ko JAMB ɗalibai sun cika wurin, ba mai sukunin hira. Ku je da hantsi, ranar aiki.