Kafin ka tsoma kyamara a tafkin Lagdo

A Garwa nake sana'ar hoto, kuma silin gashi ɗaya da ya maƙale a robar murfin kwanso, wato akwatin da ke kare kyamara daga ruwa, ya taɓa cinye mini kyamara a Lagdo.

Ciro zoben robar da gefen katin banki, ban da wuƙa. Goge shi, ka haska raminsa da tocila, don ƙurar hunturu ba inda ba ta shiga. Man silikon kaɗan, ya yi sheƙi kawai. In ya yi yawa, yashi yake kamawa.

Sannan ka rufe kwanson babu kyamara, da farar takarda a ciki, ka nutsa da shi. Gwajin bokiti bai isa ba, don a zurfin mita 10 matsin ya ninka na bakin gaɓa. Takarda ta jiƙe? A fasa shiga ruwa da kyamarar.

Af, tambayi masunta inda dorina take kiwo tukuna.