Kurakuran da muke yi idan gigin tsufa ya kama iyayenmu

Ba abin da ya fi cutar da iyali a wannan lalura kamar jinkiri. Baba ya fara maimaita magana, yana ajiye kuɗi ya manta, sai a ce "ai tsufa ne", a wuce. Alhali wannan lokacin da hankalinsa bai gushe ba shi ne damar ƙarshe ta jin abin da ke cikinsa. A zauna da shi ranar da yake garau, gaban shaidu biyu adalai, da dagaci ko limami idan an samu, a rubuta komai: iyakar kowace gona, wadda ke jingina da kuɗin da aka karɓa, wadda aka ba maƙwabci aro, shanun da aka ba kiwo, bashin da ake binsa da wanda yake bi. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa yawancin wannan a kan tsoho kaɗai yake, ba a takarda ba. Kunyar tayar da zancen ba ta kai zafin shari'a tsakanin 'yan uba ba.

Sai batun "Baba ya ba ni fadama". A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta tun mai bayarwa yana da hankali da lafiya. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita. Gado kuwa ba a raba shi mai dukiya yana raye.

Idan hankali ya riga ya tafi, kada wani ya kama yatsan tsoho ya dangwala a takardar sayar da gona. Cinikin bai inganta ba, zalunci ne kuma. A nemi takardar likita, a je kotun shari'a alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar. Mai riƙe da katin ATM na fansho ya riƙa rubuta abin da ya cire, 'yan uwa su gani.

A yi addu'a da ruƙiyya, amma a kai tsohon asibiti, kamar asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ruɗewar da ta faɗo cikin 'yan kwanaki musamman, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara, kuma ana warkewa.

Kada a kulle shi a ɗaki, kada a yi musu da shi. In Inna ta ce an sace mata zane, a ce "Inna, zo mu duba tare". A rufe rijiya, a sanar da maƙwabta, a sa lambar waya a aljihunsa. Kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake barin jinya a wuyan matar ɗa guda, ita ce wanki, ita ce rashin barci. A raba kwana, na birni su aiko da kuɗi kowane wata.